Gangar Gado Bakwai

Daga Manaja zuwa ga Kawu
Mako na biyu da kulle gari

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga kawunta, duk da dai kawuntakar nan tamu sai Inna ta zauna ta jero kakanni huɗu kafin a gano inda muka haɗu. Ya jiki, ya ƙafar nan taka, ya zaman cikin ruwa? Inna tana lafiya, sai dai takunkumi ya hana ta sakat. Wai ita ta san don a hana ta yi wa mutane faɗa aka ƙirƙiro shi. Duk da haka tana yi.

Yau kwana goma sha biyu da rufe Niƙa. Shekara shida ke nan da ka ba ni aron ginin nan, ban taɓa saka masa kwaɗo ranar Asabar ba sai bana. Har yanzu Niƙa mutane ke kiransa, ko da yake an fitar da injin marigayi yayanka tun kafin in shigo da benci na farko. Benci goma sha huɗu, dandamalin katako, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Iyakar abin da muke da shi ke nan, amma duk makaɗin da ya tashi a unguwar nan a kan katakon nan ya koyi tsayuwa gaban mutane.

Jiya na samu izinin fita na je dubawa. Ina buɗe ƙofa shirun wurin ya sa gabana ya faɗi. Ɓeraye sun mayar da shi gidan gadonsu, wani ƙato ma ya tsaya a kan dandamali yana kallona kamar ni ce na shigo ba tikiti. Ban tsaya duba kayan kiɗa ba, na ja ƙofar na fito, don hawaye ke neman kunyata ni a gaban maƙwabta.

Mai Ganga, tsohon nan da ke kaɗa mana tun ranar buɗewa, shi ya fi ba ni tausayi. Matarsa ta ce duk tukwanen gidan ya bi su da yatsu, ko murfin bokiti bai bari ba. Ita kuwa Nas, ƙawata da ke rera mana waƙa ranar da ba ta aiki, an mayar da ita sashen masu cutar nan a asibitin da take aiki, sai ta waya muke gaisawa.

Ga shawarar da na yanke. Doka ta yarda mutum huɗu su haɗu in sun ba da tazara. To mu huɗu za mu riƙa shiga da la'asar, ni da Mai Ganga da mai jita da mai sarewa, in kafa waya a kan benci mu yi wasa kai tsaye, duk wanda ke zaune a gida ya kalla. Mai Ganga ya ce shi bai taɓa yi wa benci kiɗa ba, benci ba ya yi wa mutum tafi. Na ce masa ba ya kuma tashi ya tafi ana tsakiyar waƙa.

Ka sa mu a addu'a, ka kuma rage gishiri kamar yadda likita ya ce.

'Yarka, wadda ka laƙaba wa Manaja har sunanta ya ɓace.

Daga Kawu zuwa ga Manaja
Mako na huɗu

Manaja,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso, akawun jirgin ruwanmu ya buga mini shi a takarda, na karanta sau uku a ɗakin injin. Ina lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Ki gaida Innarki, ki ce mata in takunkumi ɗaya bai isa ba a ƙara mata na biyu.

Mu ma an kulle mu. Jirginmu yana tsaye nesa da wata tasha, muna hangen gari, amma an hana mu sauka, an kuma hana waɗanda za su canje mu hawa. Waya ba ta shiga. Saƙo sai ta ofishin akawu, rubutu zalla, ba hoto ba murya, shi ma sai ranar da na'urar ta ga dama. Saboda haka wasan naku ba zan gani ba, sai dai ki riƙa kaɗa mini shi da biro.

Yanzu ga magana. Mai Siminti, wanda shagonsa ke bakin titi kusa da ku, ya sake aiko mini ta hannun Lauya, mai riƙe mini takardun ginin. Karo na uku ke nan. Yana son ginin ya mayar da shi ɗakin ajiya, wai tunda kiɗa ya mutu a duniya. Na ce a gaya masa ni ban ji sanarwar rasuwar ba.

Amma ki saurare ni da kyau. Ni tsoho ne, ba ɗa ba jika, ginin nan kaɗai na mallaka a doron ƙasa, ga shi ni ba a doron ƙasar nake ba. Ba na so ki ɗaure kanki da shi saboda kunyata. Na san halinki, kin gaji taurin kan Innarki, za ki iya ƙarar da kanki a kan abu don kada a ce kin kasa. Muddin kina da fata a kan wurin nan, yana hannunki, ko duniya za ta shekara a kulle. Ranar da fatan ya ƙare ki faɗa mini a fili. Kalma ɗaya ta isa, ni zan yi sauran ba sai kin sha kunya ba.

Kawunki na cikin ruwa.

Daga Manaja zuwa ga Kawu
Mako na huɗu

Kawu, ina gaisuwa. Akawunku ya aiko cewa a taƙaita saƙo wannan makon, layi biyar kawai. Inna lafiya, ni ma haka. Labari ba daɗi: ba mu da sauran fata. Na buga waya ko'ina, na roƙi duk wanda na sani, babu. Mai Ganga ya ajiye sandar kiɗansa ya koma gida, ko sallama bai yi mini ba. Sauran bayani sai hanya ta gyaru.

Manaja.

Daga Kawu zuwa ga Manaja
Mako na biyar

'Yata,

Na gaishe ki, na gaida Innarki. Jikina ƙalau, ɗan tari ne kawai na ƙurar injin.

Na ga layukanki. Na daɗe zaune a kan akwatin kayan aiki da takardar a hannuna, har abokin aikina ya zaci rasuwa aka yi mini. Ban yi zaton amsar za ta zo da wuri haka ba, amma na gode da ba ki ɓoye mini ba. Duk wanda ya san ki ya san ba ƙaramin abu zai sa ki rubuta kalmomin nan ba. Roƙon mutanen da kika ce kin yi shi ya fi ci mini rai, ke da ko aron allura ba kya so.

Kada ki zargi kanki. Shekara shida kin sa gidan niƙa ya yi waƙa, ba kowa zai iya wannan ba.

Na cika alkawarin da na yi miki. Na aika wa Lauya cewa na amince, na kuma sa ya gaya wa Mai Siminti na amsa masa. Na roƙa miki mako shida ki kwashe kayanki a tsanake. Asabar ɗin da mako shidan za su cika zai zo karɓar makulli. Ki huta, ki ci abinci, ki bar kuka. In ma akwai mai kukan, to ni ne.

Kawunki.

Daga Manaja zuwa ga Kawu
Mako na shida

Kawu!

Gaisuwa a tsaitsaye. Inna lafiya, tarinka Allah ya sawwaƙe.

Fatar ganga nake nufi, Kawu! Fatar akuya! Wadda ake jiƙawa a rufe bakin ganga da ita! Ɓerayen nan da na ba ka labari sun cinye fatun gangunanmu biyar tas, har da biyun da muka ajiye a kwali. Majema sun rufe, kasuwa a kulle, shi ne na bi mutane ina roƙo. Wasiƙarka mai zancen fata kuwa sai jiya akawunku ya turo ta, tare da ta biyun. Na karanta ta farko ina murmushi, na karanta ta biyu na zauna a ƙasa daɓas. Inna ta ce tun kana yaro haka kake, a ce maka "ɗauko" ka ruga da gudu ba ka ji abin da za ka ɗauko ba.

Don Allah ka aika wa Lauya ya tsayar da maganar nan. Ba ka san abin da ya faru a makon nan ba.

Na je gidan Mai Ganga in rarrashe shi, na tsaya daga bakin ƙofa. Na tarar da shi a tsakar gida yana fifita da wani abu baƙi mai sheƙi. Ashe hoton ƙirjinsa ne da aka ɗauka a asibiti bara, baƙar robar nan da likita ke ɗagawa ga haske ya ga haƙarƙari. Muna cikin magana ya ɗalle ta da yatsa, ta ce "tau". Ya kasa kunne. Ya sake ɗallawa. Sai ya miƙe kamar an tsikare shi, ya manta da ni a tsaye, ya shige ɗaki ya fito da ƙaramar ganga da almakashi.

Hotuna uku gare shi. Na farko ya tsage wajen huda. Na biyu ya narke, don ya kai shi kusa da wuta da yawa. Na uku ya huda shi da ƙusa mai zafi, ya lanƙwasa gefensa a tafasasshen ruwa, ya ɗaure da igiya. Kawu, da ka ji muryar gangar nan! Ba ta da zurfin ta fata, amma tana da kaifi, kuma ta fi fita a waya. Ta fata takan shaƙe a waya kamar mai mura, wannan kuwa tangaran. In ka ɗaga ta ga rana sai ka ga haƙarƙarin tsoho ɓaro-ɓaro. Matarsa ta ce shekara arba'in tana son ta ga abin da ke ƙirjinsa, yau ta gani, ba komai sai iska.

Ranar Asabar muka yi wasan farko. Mutum goma sha tara suka kalla, uku a ciki 'yan gidanmu ne. Amma Nas ta sa wayarta a leda ta shiga da ita sashensu, ta bi gado-gado da ita. Ta ce wata mata da ke gado na bakwai, wadda ta kwana huɗu ba ta ce uffan ba, robar iska a hancinta, ta ɗaga yatsa tana bin kiɗan a kan ƙarfen gado. Nas ta ce sai da ta fita bayan ƙofa ta yi kukanta ta ƙoshi sannan ta dawo.

Irin fatan da kake nufi ina da shi, Kawu, har ya yi mini yawa. Ka yi sauri.

Manajarka.

Daga Kawu zuwa ga Manaja
Mako na bakwai

Manaja,

Ina amsa gaisuwa kaina a ƙasa. Tari yana nan, amma kada ki gaya wa Innarki.

Na karanta wa abokan aikina wasiƙarki. Na sha fama kafin in fahimtar da su yadda kalma ɗaya za ta zama abin da ke jikin akuya, ta kuma zama abin da ke zuciyar mutum. Mai dafa mana abinci ya yi dariya har ya shaƙe. Ni ma na yi, daga baya na kewaya bayan injin na share ido. Shekara talatin ina karanta littafin injin da yaren da ba nawa ba ban taɓa kuskure ba, yau ga shi yarena ya kayar da ni.

Amma 'yata, ga inda abin ya tsaya. Na amsa wa mutumin nan ta bakin Lauya, a gaban shaidu biyu. Ban sa hannu a takarda ba tukuna, kuma Lauya ya ce a doka zan iya janyewa. Doka ba ta san ni ba. Ban taɓa cewa na ba da abu in dawo in ce na fasa ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Na rubuta masa na faɗi kuskurena, na roƙe shi ya sake ni. In ya sake ni, shi ke nan. In ya ƙi, makulli nasa ne, ni kuma in ɗauki haƙƙinki a wuyana.

Ki je ki same shi da kanki. Ki bar bakin Innarki a gida.

Kawunki, wanda ya ɓata.

Daga Manaja zuwa ga Kawu
Mako na tara

Kawu,

Ina gaisuwa. Ya tarin? Saƙo biyu na aiko kafin wannan, ba amsa. Akawunku "an isar" kawai yake cewa. Inna lafiya, amma ta fara kallona irin kallon nan nata, ta san ina ɓoye mata wani abu.

Na ji haushinka kwana biyu cur, ba zan ɓoye ba. Daga baya na tuna wannan taurin ne ya sa tun ranar da ka ce "na ba ki aro" ba ka sake waiwayar ginin ba. Na haɗiye fushina na je.

Na sami Mai Siminti a ƙofar shagonsa, takunkumi a haɓa, ƙura har a gira. Na gaishe shi har ƙasa, na yi masa bayani tun daga ɓeraye. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malama, kin gama? Ni ba maganar fata muka yi da dattijo ba, maganar gini muka yi. Ya amsa, ni kuma na riga na yi odar kaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko sau ɗaya ka taɓa kallon wasanmu?"

Ya ce, "Matata ta kusa mako uku a asibiti, ko ganinta ba a bari na yi ba. Yanzu an sallamo ta an killace ta a ɗaki, ta taga nake miƙa mata abinci. Kina ganin ina da lokacin kiɗa?"

Na yi masa jaje na taho. Ba mugu ba ne, Kawu, shi ne ma abin haushin.

Amma bari ka ji yadda Niƙa ta koma. Nas ta gaya wa marasa lafiyarta da abin da aka yi gangar, sai waɗanda aka sallama suka fara aiko da nasu hotunan. Matar nan ta gado na bakwai ita ce ta fara. Ta ba Nas hotonta ta ce a kai wa tsoho, wai ƙirjin nan ya sha wuya, ya kamata shi ma ya yi rawa. Ban san sunanta ba, Nas ba ta faɗin sunan majinyaci, sai muka rubuta "Gado Bakwai" a jikin gangar. Ita ce ta fi duka murya.

Yanzu ganguna ashirin da ɗaya gare mu. Jikin ganga ya ƙare, Mai Ganga ya koma yanka bututun ruwa da gwangwanin fenti. Kafin kowace waƙa sai in ɗaga ganga ɗaya gaban waya in ce, "Wannan ƙirjin direban bas ne, ya yi kwana goma sha shida a kwance, yau yana gida yana faɗa da 'ya'yansa a kan rimot." Masu kallo sun haura dubu biyu, wani ƙaramin gidan rediyo ma yana ɗaukar wasan. Mutane suna aiko wa makaɗa abin da ya sawwaƙa, tukunyar kowa tana hawa wuta. Mai Ganga har ya fara gyara hula kafin in kunna waya.

Mako biyu suka rage. Na fara tunanin inda zan kai kayan, amma ƙirjin mutum ashirin da ɗaya ba abin cusawa ƙarƙashin gado ba ne. Ka ce wani abu, Kawu, ko faɗa ne.

Manajarka.

Daga Manaja zuwa ga Kawu
Mako na goma sha ɗaya

Kawu,

Ina gaisuwa, Inna tana gaisuwa. Na gaya mata zancen tarin, ta yi mini faɗan da ban taɓa sha ba, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ban san ko kana karanta saƙonnina ba, amma wannan dole in rubuta shi yau tun yana da zafi.

Ranar Laraba na sanar a lokacin wasanmu cewa Asabar za mu bar Niƙa. Ban kama sunan kowa ba. Na ce dai tunda an sassauta doka ana fita da rana, duk mai ƙirji a wurinmu ya zo da hantsi ya karɓi abinsa.

Suka zo, Kawu. Mutum talatin da huɗu, don gangunan sun ƙaru a mako biyun nan, kowa da takunkumi, wasu da sanda, wasu 'ya'yansu na riƙe da su. Na zana musu layi da alli a bakin titi, taku uku tsakanin kowa da kowa, layin ya kai har gidan mai. Mai Ganga ya riƙa fitowa da ganguna yana kiran suna: Direban Bas, Malamar Lissafi, Tela, Gado Biyu. Duk wanda ya karɓa sai ya ɗaga ga rana ya tsaya yana kallon cikinsa. Ba wanda ya tafi.

Ana haka sai ga Mai Siminti, shi da Lauya, da tef ɗin awo a hannu, motar kaya tana biye da su. Motar ta rasa hanya. Ya sauko yana cewa a matsa, daidai lokacin da Mai Ganga ya kira, "Gado Bakwai!"

Wata mata siririya ta fito daga layi a hankali ta karɓi gangar. Mai Siminti ya tsaya cak.

Ya ce, "Ke! Me kike yi a nan? Ba kin ce gidan 'yar'uwarki za ki ba?"

Ta ce, "Ƙirjina na zo ɗauka. Kai me ya kawo ka?" Sai ta kalli tef ɗin hannunsa, ta kalli motar, ta kalli ƙofar Niƙa. "Au! Ashe kai ne! Kullum kana gaya mini ta taga ka samu wurin ajiya mai kyau, ashe nan ne?"

Ya fara cewa ta bari su yi magana a gida. Ta ce, "A nan za mu yi ta. Kwana goma sha tara ban ji muryarka ba. Ba laifinka ba ne, hana ka aka yi. Amma ka sani, ranar da na ga kamar ba zan kai gobe ba, kiɗan ɗakin nan aka kara mini a kunne, shi na riƙe. Ungo, duba."

Ta miƙa masa gangar. Ya ɗaga ta ga rana kamar yadda ya ga kowa yana yi. Ya nuna wani wuri ya ce, "Wannan farin fa, kamar gajimare?"

Nas, wadda ta taso daga aiki ta zo, ta ce, "Cutar ce, ranka ya daɗe. Duk nan baƙi ya kamata ya zama. Ɗan wurin nan na sama kaɗai ya rage mata take numfashi da shi."

Bai taɓa ganin hoton ba. Ya daɗe yana kallo, har direban motarsa ya kashe injin. Can ya juya ga Lauya ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka gaya wa dattijo na sake shi."

Matar ta ce, "Da ƙarfi, na baya ba su ji ba."

Ya ɗaga murya ya ce, "Na fasa!"

Kawu, ban san wanda ya fara ba. Ganga talatin da huɗu a hannun mutanen da ba su taɓa kiɗa ba, kowa yana dukan ƙirjinsa, mai jita ya fito da jitarsa bakin ƙofa, Nas ta ɗauki waƙa ta cikin takunkumi. Mutane suka leƙo ta taga da saman bene. Mai Ganga ya ce tunda yake bai taɓa jin mummunan kiɗa irin wannan ba, yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa na rungume ƙofar Niƙa na yi kuka kamar yarinya, ban ji kunyar kowa ba. Kafin motar ta juya Mai Siminti ya sa aka sauke buhun siminti biyu, wai a toshe ramukan ɓeraye. Ba wanda ya tafi da gangarsa, duk sun mayar ciki.

Mun ci nasara, kuma ba ka ci amanar bakinka ba. Amma wata guda ke nan ba ka ce komai ba, murnar ta ƙi zama a cikina. Ko layi ɗaya ne, Kawu.

'Yarka.

Daga Kawu zuwa ga Manaja
Mako na goma sha uku

Manaja, 'yata,

Ina gaisuwa daga doron ƙasa. Ina raye. Ki fara kai wa Innarki wannan layin kafin ki karanta sauran.

Ba ƙurar injin ba ce. Kwana biyu bayan wasiƙata ta ƙarshe aka sauke ni daga jirgi a kwance, aka kai ni asibitin garin nan da muke hange. Kwana ashirin da uku ban san inda kaina yake ba. Jiya akawu ya aiko mini da saƙonninki gaba ɗaya, na karanta su a jere, likita ya shigo ya tarar da ni ina dariya ina tari, ya ce in daina ɗaya daga ciki.

Akwai abin da zan faɗa miki. Saurin da na yi na amsa wa Mai Siminti ba kuskuren karatu kaɗai ba ne. Tun a lokacin na ji abin a ƙirjina, na tsorata, na so in tafi ban bar miki nauyi ba. Na ga kalmar da nake tsoro, na kama ta ban duba ba. Ki yafe mini.

Wata ma'aikaciya a nan ta nemo mini wasanku a wayarta. Na ga Niƙa. Na gan ki a tsaye kina ɗaga ganga kina faɗin mai ita. A ɗakin nan na tashi ina share garin niƙa, ban taɓa sanin zai iya yin haka ba.

Zancen aro ya ƙare. Na sa Lauya ya rubuta ginin da sunanki, sunanki na gaskiya, na kuma sa hannu yau da safe a gaban likita da ma'aikaciyar nan. Kada ki aiko mini da musu, na riga na ce na ba ki, kin kuma ga yadda nake in na faɗi haka.

Abu ɗaya nake roƙo. Sun so su riƙe hoton ƙirjina a fayil, na tayar musu da rigima har suka ba ni. Yana hanya a ambulan mai kauri. Ki ce wa Mai Ganga ya nemo bututu mai faɗi, ya ja igiyar da kyau ba tare da tausayi ba, ƙirjin nan ya fi yadda na zata ƙwari. An ce wata mai zuwa za a bar mu mu koma gida. Kada kowa ya taɓa gangar sai na iso, ni zan fara bugawa.

Kawunki, wanda ke tafe.